Tashi daga jinya: yadda ake dawo da ƙarfin ƙafa a bazara, damina da hunturu

Ranar da zazzaɓi ya sauka, majinyaci ya ci tuwo har ya nemi ƙari, mutanen gida sai su ce alhamdu lillahi, an warke. Sauƙi kam ya samu. Amma ƙarfi bai dawo ba tukuna, kuma tsakanin samun sauƙi da dawowar ƙarfi akwai makonni, wani lokaci har watanni. A wannan tsakanin ake yin ɓarna iri biyu a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa. Ko dai a bar mutum a ɗaki ana kai masa komai har buta, wai kada ya wahala, ko kuma shi da kansa ya ga ciyawa ta cinye masa gona, ya saɓi fartanya kwana biyu da sallamo shi daga asibiti, a dawo da shi gida a bayan babur.

Kwanciya ita kanta cin jiki take yi. Naman cinya da na sha-raɓa suna zubewa idan ba a taka ƙafa, kuma tsofaffi sun fi saurin zubewa: dattijon da ya yi kwana goma a kwance yana iya rasa kusan kilo guda na naman ƙafa, ko da cutar ba ta taɓa ƙafar ba. Ruwan da ke cikin jini yana raguwa. Jijiyoyin jini suna yin sanyi wajen matsewa idan an miƙe tsaye, shi ya sa jini ke taruwa a ƙafa, kai ya rasa, ido ya yi duhu. Ƙasan huhu ba ya buɗewa sosai, majina ta taru. Ciki ya ɗaure. Jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Duk wannan tafiya ce maganinsa, amma 'yar kaɗan, kullum, a lokacin da yanayi ya yarda.

Yaushe za a fara

Motsi a kan shimfiɗa ana fara shi tun ana kwance. Fita tattaki kuwa sai an cika sharuɗɗa uku. Zazzaɓi ya sauka ya yi aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu bai dawo ba, kuma ba farasitamol ne ya danne shi ba. Majinyaci yana ci yana sha, abin yana zama a ciki. Yana iya zama da kansa minti goma ba a tallafe shi ba. Jiki da zafi ba a tafiya da shi, domin zuciya tana kan aikin yaƙi da cuta, ƙarin nauyi yana iya yi mata illa.

Wanda aka yi wa tiyata, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a tambayi likita ko ma'aikacin asibiti tun kafin a baro asibitin: taku nawa, nauyi nawa, yaushe za a dawo. Mai shanyewar ɓarin jiki yana bukatar masu gashin ƙashi su koya wa 'yan gida yadda ake riƙe shi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Wahalar zuwa sau ɗaya ko biyu ta fi a yi wata shida ana jan sa ta hannun da ya mutu har kafaɗa ta goce.

Magani kuma a ƙarasa shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau shida ake shan sa cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai. Da yawa suna ajiye shi bayan sha uku saboda sun ji daɗi, sai zazzaɓin ya dawo a mako na biyu a ce tafiyar ce ta jawo.

Tashi daga shimfiɗa

Yawancin faɗuwa a nan take aukuwa, ba a hanya ba. Kafin a tashi, a yi wasa da ƙafa a kwance: a ja yatsu sama wajen fuska, a tura su ƙasa, sau ashirin. A lanƙwasa gwiwa a miƙar, kowace ƙafa sau goma. A ja numfashi mai zurfi ta hanci har ciki ya taso, a sake shi a hankali ta baki, sau biyar. Sannan a juya gefe, a dafa hannu a tashi zaune, a zauna minti biyu cur. Idan ido bai yi duhu ba, a miƙe ana dafe da wani abu, a tsaya a ƙirga talatin kafin a ɗaga ƙafa. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a ɗaura wannan a kan salloli biyar, kowace salla a yi sau ɗaya.

Mai kwana a tabarma ko katifa a ƙasa aikinsa ya fi na mai gado wuya. Kada a kama hannuwansa biyu a fizgo shi sama. Ya juya ya yi rarrafe, gwiwa biyu da hannu biyu a ƙasa, a kawo masa turmi a kife ko kujera mai ƙwari ya dafa, ya kafa tafin ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, ya tura jikinsa sama. In da hali, a ɗaga masa shimfiɗa a makonnin farko, ko da gadon kara ne.

Ban ɗaki wuri ne da ba a cika maganarsa ba, alhali nan ne hatsari ya fi yawa. Dogon tsuguno yana tara jini a ƙafa, yunƙuri yana sauke bugun jini, miƙewa farat ɗaya kuma sai jiri. A kafa gungumen itace mai ƙwari a gefen masai, ko a ɗaura igiya a wuri mai ƙarfi da zai kama ya tashi. Kada ya sa sakata. Da dare a ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki, da tocila a inda hannunsa zai kai.

Salla ma tashi da zama ce. Idan ɗagowa daga sujada na kawo hajijiya, a yi ta a zaune. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da wannan sauƙi: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe.

Yadda ake auna tafiyar

Ba a bukatar agogo mai tsada. Carbi ya isa: kowane taku goma a ja ƙwaya ɗaya, ƙwaya 33 ta zama taku 330. Ko kuma a auna da wurare, daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu, daga zaure zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rijiya.

Kwana uku na farko a tsaya a tsakar gida, minti biyu zuwa uku, sau uku ko huɗu a yini. Gajerun tafiye-tafiye da yawa sun fi doguwa guda amfani ga mai raunin jiki. Daga kwana na huɗu zuwa ƙarshen mako a kai minti biyar, sau uku, a leƙa zaure da ƙofar gida. Mako na biyu minti goma safe da yamma. Daga nan a riƙa ƙara minti biyu duk bayan kwana biyu ko uku, har a kai minti talatin a tafiya ɗaya. Saurayin da zazzaɓin kwana huɗu ya kayar yana iya tsallake wasu matakan ya kai nan cikin kwana goma. Dattijuwar da ta yi wata guda tana fama da taifot ko ciwon huhu tana iya ɗaukar wata biyu ko uku, kuma wannan ba gazawa ba ce. Inda ake son a kai daga ƙarshe shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, minti 150 a mako, wato kamar minti talatin sau biyar.

Matar da ba ta fita ba ta rasa komai ba. Zagaye tsakar gida sau goma tafiya ce cikakkiya, in dai an kawar da turmi, da igiyar awaki, da kwanukan wanke-wanke daga hanya.

Ma'auni uku ne ke nuna ko an yi daidai. Na farko magana. Idan yana tafiya aka ce masa ya jiki, ya iya amsawa "da sauƙi, alhamdu lillahi, ya gida ya iyali" a numfashi ɗaya, saurin ya yi. Idan sai ya tsinka maganar yana haki, ya rage. Na biyu bugun jini. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 30 da agogon waya, a ninka biyu. Babba a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100. A makon farko kada tafiya ta ɗaga shi fiye da 20 zuwa 30 a kan na zaune, kuma ya kamata ya sauko cikin minti biyar zuwa goma na hutu. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, mai shan su ya fi dogara da ma'aunin magana.

Na uku shi ne mafi gaskiya, wato washegari. Jiki ba ya faɗin cewa an zarce sai an kwana. Idan ya tashi da safe daidai da jiya ko ya fi, a ci gaba. Idan ya tashi jiki a mace, ƙafa kamar an ɗaura dutse, abinci ba ya shiga, jiya an wuce gona da iri. A huta yini ɗaya ana motsi a tsakar gida kawai, a koma rabin abin da aka yi, a sake hawa a hankali. Ranar da majinyaci ya tashi garau ita ce ranar da za a fi sa masa ido, domin ranar ce yake cewa bari ya taka har kasuwa. A tuna kuma kowace tafiya zuwa da dawowa ce. A juyo tun rabin ƙarfi bai ƙare ba.

Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya kawo jiri, saboda naman ƙafa ba ya matsa jini ya koma sama. Mutumin da ya daɗe bai fito ba kuwa kowa sai ya tsayar da shi a yi masa sannu. Don haka gaisuwa a yi ta a zaune a kan dakali. Tsugunawa gaida manya ma a ɗaga masa ita har ya yi ƙwari, babu babban da zai ƙi.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu lokaci ne mafi wuya ga mai murmurewa. A Afrilu zafi yakan kai digiri 40 har ya ɗara, a Kano da Haɗeja da Gumel duka. Jikin da cuta ta rage wa ruwa da jini ba ya iya sanyaya kansa kamar na mai lafiya, zuciya kuma sai ta yi aiki biyu, ta kai jini ƙafa, ta kai fata.

Lokacin tafiya shi ne bayan sallar asuba da gari ya yi haske, zuwa ƙarfe bakwai da rabi ko takwas. Na yamma sai la'asar sakaliya, wajen ƙarfe biyar da rabi, kuma ko a lokacin ƙasa da katanga suna fitar da zafin da suka sha, don haka ta yamma ta zama rabin ta safe. Daga ƙarfe goma zuwa huɗu babu fita, har da zuwa masallacin Juma'a idan da nisa, sai jiki ya yi ƙwari.

A tsara hanya daga inuwa zuwa inuwa. Darbejiya da tsamiya da mangwaro suna riƙe ganye a rani. Gawo ma a rani yake da ganye, da damina yake zubarwa. Kuka kuwa a wannan lokaci tsirara take, ba ta da inuwar da za a dogara da ita. A sa farar riga mai faɗi ta auduga da malafa.

Ruwa kofi ɗaya kafin a fita, wato kamar rabin ledar ruwa, kofi ɗaya bayan an dawo, sannan a yi ta kurɓa cikin yini ba sai an ji ƙishi ba, musamman tsofaffi da ƙishirwa ba ta cika damun su ba. Fitsari ne mai shaida: fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske ya yi, mai duhu da ke fita kaɗan-kaɗan ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya tashi daga amai da gudawa a ƙara masa ruwan gishiri da sukari. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu masu santilita 50. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Gishirin kada ya wuce haka, kuma abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar. Amma mai ciwon ƙoda ko zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa ya tsaya a kan abin da aka ce masa.

Idan ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar nama suka zo a hanya, a zaunar da shi a inuwa, a sassauta tufa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa. Idan ya fara sambatu ko bai gane mutane ba, jiki kuma zau, a ci gaba da zuba masa ruwa ana fifita a kan hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki. Bazara kuma lokacin sanƙarau ne: zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya ba gajiyar tafiya ba ce.

Idan azumi ya faɗo cikin jinya, Alƙur'ani a surar Baƙara ya ba mara lafiya damar ya sha ya rama. Wanda ya yi ƙwarin da zai ɗauka, ya mayar da tafiyarsa bayan buɗa baki da kamar awa ɗaya.

Damina da kaka

Da damina iska ta fi daɗi, ƙasa ce matsala. Bayan ruwa ya ɗauke, a jira ƙasa ta tsane. A yankin rairayi irin su Maigatari, Ɓaɓura da Sule Tankarkar, ruwa alheri ne ga mai tafiya, domin yashi mai laushi yana cin ƙarfi ninkin ƙasa mai tauri, ruwa kuma yana daddale shi. A ƙasar laka da fadama, kamar Kura da Kadawa da bakin kogin Haɗeja, akasin haka ne: laka tana santsi, tana kuma kama takalmi. Wurare uku ake yawan zamewa, bakin rijiya, bakin kwata, da gindin katanga inda gansakuka ta fito. A zuba yashi ko toka a hanyar da yake bi zuwa ban ɗaki. Ranar da aka wuni ana ruwa, kamar yadda ake yi a marka cikin Agusta, a yi tafiyar a zaure ko a rumfa, ko a yi zama da tashi a kujera sau biyar zuwa goma.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska da ƙura ne ke fara isowa. Mai lafiya yana iya rugawa gida, mai jinya ba ya iyawa, saboda haka in gabas ta yi baƙi kada a wuce ƙofar gida. Idan ruwa ya ritsa da ku, a shiga gini, kada a fake a gindin bishiya ɗaya tilo a fili saboda tsawa.

Kada a ratsa ruwan da ya kwanta, ko da iyakar idon sawu ne. Ba a ganin rami ko fasasshiyar kwalba, ruwan kuma ya gauraya da na masai. A garuruwan da ambaliya ke shafa, irin su Ringim, Auyo da Kafin Hausa da suka sha ta a 2022, ruwan rijiya ma a tafasa shi kafin a ba mai murmurewa.

Warkewa daga zazzaɓi ba ta hana sauro sake kawo wani. A dawo gida kafin almuru, a kwana cikin gidan sauro kullum. A bi tsakiyar hanya, a bar gefen ciyawa mai raɓa, domin damina da kaka ne lokacin da aka fi gamuwa da maciji, kububuwa kuwa launinta ɗaya da ƙasa. Da kaka, wanda ya yi ciwon huhu ko mai asma ya nisanci wurin sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi yana tayar da tari.

Hunturu

A nan lissafin bazara juyewa yake. Asuba a Disamba da Janairu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, busasshiyar iska mai sanyi tana matse hanyoyin numfashi, tana kuma ɗaga hawan jini. A jira hantsi ya dubi ludayi, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, ko a fita bayan la'asar. A sa riga biyu marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri, don a cire ɗaya in jiki ya ɗumama. A rufe hanci da baki da takunkumi, ko rawani, ko gefen mayafi. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyoyin bakin gari, mai ciwon ƙirji ya yi tafiyarsa a cikin gida, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a yi shara.

A shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya kowane dare, faso yana sa mutum ɗingishi, ɗingishi kuma yana kawo faɗuwa. Ruwa a ci gaba da sha ko ba a jin ƙishi. Kaskon gawayi kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci, mai ƙarancin jini kuma shi ta fi saurin kayarwa.

Sanda, takalmi da ɗan rakiya

Tsawon sanda ya zo daidai wuyan hannu idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ta riƙa tafiya tare da ƙafa mai rauni. Yawanci ana yin akasin haka, shi ya sa jiki ke karkacewa. A ɗaura mata guntun roba a gindi saboda siminti. Takalmi mai riƙe dunduniya ya fi silifas, wanda ke zamewa a laka, ƙarangiya da tsidau kuma su shiga ta gefe.

Ɗan rakiya ya zama babba mai ƙarfi, ba yaron da za su faɗi tare ba. Ya tsaya a ɓangaren rauni, ɗan baya kaɗan, ya riƙo ruwa da 'yar kujera. Dattawa ba sa son a ga gazawarsu, ba za su ce sun gaji ba. Maimakon "Baba kun gaji?" gara a ce "Baba, mu ɗan zauna a inuwar nan ku sha ruwa." Haka ma Inna, a ce mata "Inna, ku zo mu je ku ga yadda kajin suka yi," ta fi saurin tashi a kan a ce likita ya ce ta yi tafiya. Wanda jinya ta daɗe da shi sau da yawa zuciyarsa ma ta yi rauni, fitowa ƙofar gida ya ga mutane magani ne a kan kansa.

Abin da ake ci

Nama ba ya ginuwa da koko zalla. A kowane cin abinci a samu ɗaya daga cikin wake, ƙosai, alale, awara, ƙwai, kifi, gyaɗa, ko nonon da aka tafasa madararsa. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tulin tuwo sau biyu. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, shi ya sa haki ke daɗewa bayansa. A ja fatar ido ta ƙasa a duba, a duba tafin hannu: in sun yi fari fat, a je a auna jini. Hanta, zogale, alayyahu da rama suna taimakawa, lemo ko gwaiba a kai suna sa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke ciki, shayi kuwa yana hana shi, a raba shi da abinci da awa guda. Yaron da ya tashi daga ciwo a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu. Shi ba a tsara masa tafiya, da kansa zai koma wasa, a dai tsare shi daga rana.

Mai jego ta taka a tsakar gida tun kwanakin farko, hakan yana kare ta daga daskarewar jini. Amma likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna ganin ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu, kunun kanwa kuma gishirinsa yana tara ruwa a jiki. Kumburin ƙafa, tari da dare, da kasa kwanciya sai an tara matashi, ba gajiyar jego ba ce, a kai ta asibiti. Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, a duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya fita da yunwa bayan ya sha magani, ya sa dabino uku a aljihu saboda rawar jiki da gumi. Mai sikila sanyi da ƙarancin ruwa ne abokan gabarsa. Mai tarin fuka tafiya a sarari tana yi masa kyau, maganinsa na wata shida ne kuma kyauta ake bayarwa, ɗaya daga ciki yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne.

Abin da ba a jira da shi

Ciwo ko nauyi a ƙirji, haki a zaune, suma, tari da jini, karkacewar baki ko mutuwar hannu, duk a tafi asibiti a ranar. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa ta, kada a gasa, kada a yi ƙaho, domin gudan jini ne mai iya ɓallewa ya tafi huhu. Fitsari baƙi kamar shayi da idanu rawaya, mako ɗaya zuwa uku bayan allurar zazzaɓi mai tsanani, alama ce jini na fashewa. Mai taifot da cikinsa ya murɗa ya yi tauri, ko zazzaɓi ya dawo bayan ya gama magani, shi ma haka. Wurin ɗinki da ya buɗe ko yake fitar da ruwa, a mayar wa waɗanda suka ɗinka.

Komawa aiki

Sai mutum ya iya tafiyar minti talatin kwana uku a jere, washegari kuma ya tashi lafiya, sannan a yi maganar aiki. Manomi ya fara da zuwa gona ya duba ya dawo, ba fartanya a kafaɗa. Bayan kwana biyu ya yi noman minti ashirin da sassafe ya zauna. Huɗa, ɗaukar buhu da tura baro su ne na ƙarshe. Idan jinya ta faɗo tsakiyar noma, 'yan uwa su kira gayya ko a ɗauki 'yan ƙwadago, domin tunanin gona ne ke fitar da mutum kafin lokaci. Babur kada ya tuƙa sai ya yi mako guda ba jiri.

Mace ta fara da aikin zaune, tsince wake, tankaɗe, gyaran ganye. Shara da gajeriyar tsintsiya tana sa dogon sunkuyo, a ɗaura mata sanda ko a bar wa yara. Girki a murhu mai hayaƙi ya jira idan ƙirji ne ya yi ciwo. Daka, surfe da jan guga su zo daga baya. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, wanda aka yi wa tiyatar ciki ko ta gwaiwa kada ya ɗaga abin da ya wuce galan ɗaya na ruwa har mako shida, ko iyakar abin da likitansa ya ce. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, ruwan wankanta ma a kai mata har ban ɗaki.